Mutumin da Ya Zo Sayen Gidan Goggo

A shekarar da aka yi dogon yajin aikin nan, lokacin rigingimun siyasa da suka biyo bayan buɗe jam'iyyu, ina koyar da yara a wata lakwal, wato makarantar boko, a Sokode. Da aka rufe makarantu sai na rasa abin yi. Kullum da hantsi nakan je teburin wani mai shayi kusa da tasha in zauna cikin marasa aiki irina, muna sauraron rediyo, muna kallon motocin da ke fitowa daga Lome an ɗaure musu katifu da tukwane a bisa. Duk wanda ya sauka da irin labarin da zai bayar, kuma ba wanda ya san na gaskiya a ciki. Mun yi surutu da yawa a teburin nan, da wanda muka sani da wanda ba mu sani ba.

Wata Laraba wani direba mai bin hanyar arewa ya tsaya a ƙofar gidanmu, ya gaya wa Baba cewa yayarsa da ke Dapaong ta ce a turo mata ɗan nan mai karanta Faransanci. Baba ya tambayi ko lafiya. Direban ya ce shi ma ya tambaya, ta ce ba maganar da za a ba direba ba ce.

Goggo ta yi aure a Dapaong tun kafin a haife ni. Mijinta mahauci ne, shi ya gina gidan da take ciki a zongo, bayan kasuwa kaɗan: zaure, ɗakuna bakwai, rijiya a tsakar gida, da wani ɗan fili a baya inda yake ɗaure dabbobi kafin yanka. Ya rasu shekaru shida kafin wannan lokacin. 'Ya'yansu biyu ne, duka mata. Babbar tana aure a Ghana, ƙaramar tana Lome da mijinta. Goggo ita kaɗai ce a gidan, sai matan unguwa uku da ke zuwa da rana suna taya ta matse man gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli, sana'ar da ke ciyar da ita.

Washegari na bi motar direban, mun tashi da asuba, ba mu isa ba sai bayan la'asar, saboda a kowane shinge sai an sauke mu an duba katin shaida. Na same ta a tsakar gida tana juya ƙuli-ƙuli a kasko. Ba ta ce mini komai ba sai da na yi salla na ci abinci, kuma matan suka tafi. Sannan ta nuna mini sandar sabulu biyu da ƙunshin goro a kan katangar rijiya, goron har ya bushe. Ta ce wani mutum ne ya kawo, ita kuwa ba ta taɓa ba.

Sau uku ya zo. Zuwansa na farko ta'aziyya ya ce ya zo yi. Ya ce marigayin ya taɓa taimakonsa yana yaro, shi kuma yana ƙasar waje, sai yanzu ya ji rasuwar. Ya faɗi cikakken sunan marigayin, ya yi addu'a mai tsawo, ya ajiye sabulu da goro ya tafi. Zuwa na biyu ya zauna ya ba ta labarin abin da ke faruwa a kudu, ya rage murya ya ce ya ji daga manya cewa idan ƙura ta lafa za a karɓe duk filayen zongo a mayar wa masu ƙasa, duk wanda kakanninsa baƙi ne sai ya tashi. Zuwa na uku ya ce saboda alherin marigayin shi zai sayi gidan ya ɗauki asarar, ita ta tafi da kuɗinta wurin danginta tun da sauran lokaci.

Na tambaye ta abin da ta ce masa. Ta ce ta gaya masa za ta yi shawara. Abin da ya tsaya mata a rai, in ji ta, shi ne ya san 'ya'yanta ba sa gari, ya san takardar filin har yanzu da sunan marigayin take, ya san tana da ƙane a Sokode. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa maganar takardar ba sai 'yan gida. Ta ce tun lokacin take zargin mijin ƙaramar 'yarta, don ya taɓa cewa gidan ya yi mata girma.

Kwana biyu da zuwana mutumin ya dawo. Zai yi shekara arba'in da 'yan kai, fari ne, da riga mai tsabta da jakar fata, ya zo a kan moto, wato babur. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Goggo, yana ce mata Iya. Hausarsa irin tamu ce ta zongo, amma idan ya juyo wurina sai ya koma Faransanci, yana kirana Mushe, wato Malam da Faransanci, kamar yadda yara ke kirana a aji. Ya ce ya yi farin ciki da aka samu mai ilimi a gidan, don tsofaffi ba sa gane halin da ƙasa take ciki. Ya ambaci dokoki, ya ambaci ofisoshi, ya kwatanta mini gidajen da aka bari a kudu ba a samu ko sisi a kansu ba. Kuɗin da ya faɗa bai kai rabin darajar gidan ba, amma ya ce nan da wata uku ko wannan ba mai bayarwa.

Gaskiya maganarsa ta shige ni. Na ga motocin nan da idona, na ga mutanen da suka baro komai. Bayan ya tafi na ce wa Goggo ya kamata ta duba maganar, ga ɗaki a gidan Baba, ga 'yan'uwa, me zai sa ta zauna ita kaɗai a wannan hali. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni.

"Kai kuma nawa ya ce zai ba ka?"

Na rantse mata, ta ce ta ji. Amma daga ranar idan za ta shiga ɗakinta sai ta ja ƙofa, idan za ta fita sai ta kulle ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Na ce ta nuna mini takardar filin in karanta in ga abin da ke ciki, ta ce takardar tana nan lafiya. Abin ya yi mini ciwo, har na yi tunanin komawa Sokode. Abin da ya hana ni shi ne ban san abin da zan gaya wa Baba ba.

Ranar Juma'a na tafi masallaci. Ashe mutumin ya san lokacin da maza ke barin unguwa. Ko da na dawo na tarar da matan nan uku sun bar aiki suna ta mayar da magana, Goggo kuwa tana zaune a kan turmi ta kama bakin zaninta. Su suka ba ni labari. Ya zo ya ce ya haƙura da maganar saye tunda Iya ba ta so, amma zai yi mata wani taimakon. Ya ce an buɗe rajista a asirce, duk gidan da aka rubuta a ciki ba za a taɓa shi ba, yau kuma ake rufewa. Ya fito da takarda a ninke, ƙasanta kawai ake gani, da ɗan akwatin tawada, ya ce ta dangwala yatsa a nan, shi ke nan. Goggo ta nuna masa hannuwanta duk mai, ta ce tawada ba za ta kama ba, ya miƙo ta ga wurin da kyau. Yana miƙowa ta karɓe ta soke a zaninta, ta ce ya dawo ranar Litinin, kafin nan ta wanke hannu. Ya yi dariya, ya roƙa, ya ce takardar ofis ce ba a barinta a waje. Ta ce ai ba waje ba ne, gidanta ne. Ya dubi matan, kowace da taɓarya ko muciya a hannu, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ta ciro takardar ta ba ni, duk ta yi tabon mai. Ta ce in karanta mata tun daga sama, kada in tsallake ko kalma ɗaya, kuma in karanta a gaban matan.

Takardar cinikin gida ce, an buga ta da tafireta. An rubuta cewa matar marigayi wane, da hankalinta kuma ba tilas, ta sayar da gidanta da filin baya da rijiya, ta karɓi kuɗinta cif a hannu, ba ta da sauran magana, ita da magadanta. An bar wurin sunan mai saye babu komai. Shaidu biyu sun riga sun sa hannu. Na karanta da Faransanci, na fassara jimla jimla. Da na gama Goggo ta karɓi takardar ta mayar cikin zani. Ba ta tuna mini shawarar da na ba ta ba, ni ma ban ɗaga kai ba.

Washegari ta ce in shirya za mu Korbongou. Filin da gidan yake kai, wani dattijo ɗan ƙasa ne ya ba mijinta tun da can, kuma babban ɗansa, wanda shi ma ya tsufa, ya koma gonarsa a wajen can. Ta ce tunda an ce masu ƙasa za su kore ta, gara ta ji daga bakinsu. Muka shiga motar kasuwa, muka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa. Mun same shi a gindin bishiya yana tufka igiya. Suka gaisa da yaren Moba, wanda Goggo ke ji kamar Hausa, ni kuwa ban iya ko gaisuwa ba. Na zauna ina kallon fuskokinsu. Da farko ya yi dariya har da tari, daga baya ya daina, ya ajiye igiyar.

A hanyar dawowa ta gaya mini abin da ya ce. Ya ce yana nan a tsaye ranar da mahaifinsa ya zaga filin da mijinta, kuma a gidansu ba wanda ya taɓa maganar karɓewa. Ya ce naman da suka ci daga hannun mahaucin nan shekara da shekaru bai manta ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ana yawo da sunansu ana tsorata tsofaffi. Ya kuma ce ita ce ta biyu da ta zo masa da wannan tambayar. Na farko wani tsohon malami ne mai makarantar allo a layin bayanmu, kuma shi sai da ya sa hannu sannan ya zo tambaya.

Ranar Lahadi Goggo ta shiga unguwa gida gida. Ranar Litinin da hantsi zaurenta ya cika: limamin unguwa, wakilin sarkin zongo, mahauta biyu abokan marigayin, da ɗan dattijon da ya ba da filin, wanda muka je wurinsa a Korbongou, shi a kan keke ya zo. Tsohon malamin ma ya zo ya zauna a lungu. Ni ban yi zaton mutumin zai dawo ba. Goggo ta ce zai dawo, don takardarsa tana hannunta.

Ya dawo, kuma ba shi kaɗai ba. Ya goyo wani a bayan moto, mai tabarau da fayil a hammata, wanda ya zo a matsayin ma'aikacin ofishin filaye. Da suka ga takalma a ƙofar zaure suka tsaya, amma ɗaya daga cikin mahautan ya riga ya fita yana yi musu maraba, ya tsaya tsakaninsu da moton. Suka shigo.

Ina ganin mai tabarau na gane shi. Ya yi kusan mako biyu yana zama da mu a teburin mai shayi a Sokode. Ya ce mana shi ɗan kasuwa ne da hanya ta tsare. Ya sha saya mini shayi da burodi, yana tambayata ko ina da dangi a arewa, yana jajanta halin tsofaffin da aka bari su kaɗai. Ni da bakina na gaya masa ina da goggo a Dapaong, gidanta bayan kasuwa, 'ya'yanta sun yi nisa, har na yi ƙorafin cewa ta ƙi zuwa a gyara takarda a cire sunan mijinta. Har sunan marigayin na faɗa masa, don ya ce wataƙila ya san shi. Shi ma ya gane ni. Ya kawar da kai, ya shiga gyara tabarau.

Liman ya ce in karanta. Na tashi na karanta kamar ranar Juma'a, na fassara. Ɗan dattijon ya ce a fassara masa shi ma, Goggo ta mayar masa da Moba. Wakilin sarkin zongo ya tambayi mai jakar ko wannan ce rajistar da ya ce. Mutumin bai ruɗe ba ko kaɗan. Ya ce kuskuren mai bugawa ne, an haɗa masa takardu biyu, ya gode Allah da aka gano, a ba shi ya je ya kawo ta gaskiya yanzun nan. Wakilin ya ce takardar za ta zauna a wurinsu. Aka tambayi mai tabarau wane ofis yake aiki alhali ofisoshi a rufe suke. Ya ce shi rakiya kawai ya yi.

Daga lungu tsohon malamin ya yi magana, a hankali. Ya ce, "Tawa fa? Ka ce za ka kawo mini kwafinta."

Mai jakar ya ce tana gida, tare zai kawo su. Mahautan sun so a riƙe su, amma liman ya ce a wannan zamani, idan aka tara jama'a a kan mutum biyu ba wanda ya san inda abin zai tsaya, kuma ba ya so a zubar da jini a ƙofar gidan marigayi. Ba kuma inda za a kai ƙara a lokacin. Aka rubuta lambar moton, aka bar su suka tafi. Ba a sake ganinsu a Dapaong ba, lambar kuma daga baya aka ce ba ta kowa ba ce.

Bayan an watse na sami Goggo tana wanke kasko, na tsuguna na gaya mata komai game da mai tabarau. Ta ci gaba da wanki har na gama. Ta tambaye ni ko sun ba ni wani abu. Na ce shayi da burodi. Sai ta ce in nemo takarda da biro. Ta sa na rubuta wa mijin ƙaramar 'yarta wasiƙa. A ciki ta ce ta yi makonni tana zarginsa da abin da bai yi ba, ta kuma faɗi hakan ga mutane biyu a unguwa, za ta je ta warware, shi kuma ya yafe mata. Ta ce in rubuta a ƙasa cewa wanda ya yi surutun shi ne mai rubuta wannan wasiƙar. Na rubuta. Ta sa na karanta mata sau biyu, sannan ta kai wa wani ɗan makarantar sakandare a maƙwabta ya sake karanta mata, don ta tabbata abin da ta faɗa ne na rubuta.

Na ƙara mako guda a gidan. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta rage mini komai na abinci ko kulawa ba. Amma har na tafi ban ga takardar filin ba. Da aka buɗe ofisoshi, babbar 'yarta ta zo daga Ghana, su biyu suka je aka gyara takardar aka sa sunayen magada. A bakin Baba na ji, bayan an gama. Ni ne mai Faransanci a dangi, amma wani suka biya ya yi musu tafinta.

Tsohon malamin bai tsira ba. Ya iya karatun Larabci fiye da kowa a unguwar, amma takardar da aka ba shi da Faransanci take, kuma kunya ta hana shi kiran yaro ya karanta masa. Ya rubuta sunansa da ajami a inda aka nuna masa. Bayan wata huɗu wani ɗan kasuwa ya zo da takardar, an cike sunansa a gurbin mai saye, ya ce gidansa ne, ya biya kuɗinsa ga mai jakar. Shi ma cutarsa aka yi, kuma yana da iyali. An yi shekaru ana zama ana tashi a kan maganar. A ƙarshe dattawa suka raba gidan biyu aka ja katanga. Ɗan kasuwar ya ɗauki gaba, da zauren da ake karatu a ciki, malamin ya koma ɗakuna biyu na baya, aka fasa masa ƙofa ta lungu. Almajiransa suka ragu, don ba wurin zama. Na gaishe shi sau ɗaya a wannan lungun, shekara biyu kafin ya rasu, ya tambaye ni lafiyar Baba da ta yaran da nake koyarwa.

Goggo ta zauna a gidanta har ƙarshen rayuwarta. Bayan rasuwarta ƙaramar 'yar da mijinta suka baro Lome suka dawo ciki, shi ya buɗe shagon ɗinki a zauren. Idan aiki ya kai ni Dapaong a can nake sauka. Ni da shi muna hira sosai, a kan siyasa da tsadar yadi da karatun 'ya'yansa, amma bai taɓa yi mini maganar wasiƙar ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ko ta isa hannunsa ba.